Jikata Ba Kaza Ba Ce

Mai karatu, kafin ka shiga waɗannan wasiƙu, ka ji gargaɗina. Idan kai ne irin mutumin da ke zaro ƙwaya daga aljihu ya miƙa wa marar lafiya yana cewa "sha wannan, shi ya warkar da ni", to da kai nake, kuma ba zan ba ka haƙuri ba. Idan ke ce uwar da ke karɓa don jin kunyar wanda ya miƙo, da ke ma nake.

Wasiƙun tsakanina da ɗana ne. Yana kula da wata babbar gonar kaji can nesa, inda waya ba ta kamawa sai an hau tankin ruwa, shi ya sa duk gidan muke kiransa Manaja. Matarsa da 'yarsa suna wurina. Yarinyar muna ce mata Ɗigo, don da aka haife ta ba ta cika hannu ba, yanzu kuwa shekararta uku, bakinta ya fi jikinta. Direban motar ƙwai ne ke kai saƙonmu yana kawowa. Na nemi izinin ɗana kafin in fitar da wasiƙun. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, ni kuma na ɗauki shirunsa a matsayin tarbiyya. Ban gyara kalma ko ɗaya ba, har waɗanda ya rubuta cikin fushi.

*

Zuwa ga ɗana Manaja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka. Ni ƙafata ta yi sauƙi, Maman Ɗigo ma lafiyarta ƙalau. Kiret ɗin ƙwan da ka aiko ya iso, wasu sun fashe, kuma na gaya wa direban abin da ya kamata ya ji.

Ɗigo ce ba ta da lafiya. Ta fara da mura, muka ce ai mura ce. Daga baya jikinta ya ɗau zafi, tarin ya sauka ƙirji, numfashinta ya riƙa fita da sauri. Yarinyar da ba ta barin kowa ya yi magana a gidan nan ta kwanta shiru, ko shayi ta ƙi. Yau da safe muka kai ta asibiti. Likita ya saurari ƙirjinta da bayanta, ya ce ciwon huhu ne, amma bai kai na kwanciya ba tukuna. Ya rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta, na ruwa, irin wanda ake ba yara. Ya ce a fara da wuri, kada a tsallake, kada a daina sai ya ƙare. Na kwafo maka sunansa a bayan takardar nan don ka san abin da ake ciki.

To, a nan gizo ke saƙar, don maganin babu shi. Ɗakin maganin asibiti babu. Kemis ɗin bakin titi babu. Na zagaya duk kantunan da na sani, kowa sai ya dubi takardar ya girgiza kai, kamar sun haɗa baki. Daga ƙarshe na je wurin matar nan mai tabarau ta babban kantin magani da ke kusa da kasuwa, inda nake karɓar maganin hawan jinina.

Ta duba ta ce, "Mama, babu."

Na ce, "Babu, ko dai babu ga irinmu? Na san kuna ajiye wa masu manyan motoci."

Ba ta yi fushi ba. Ta ɗaga katakon da ya raba mu ta ce in shigo. Ta kai ni har ciki, ta nuna min kantar da ake jera shi. Wayam, sai shatin gindin kwalabe. Ta ce tun watan jiya suke nema, masu kawowa na cewa a jira. Ta ce iyaye mata da yawa sun tsaya inda na tsaya, wasu sun zage ta, wata ta zauna a ƙasa ta yi kuka. Na ce mata ni ban zo zagi ba, ban zo kuka ba, magani na zo karɓa. Na kuma ba ta haƙuri a kan zargin da na yi mata, tunda na gani da idona. Ta ce in dawo gobe da safe, kafin nan za ta kira abokan aikinta ta ji.

A hanyar dawowa wani mai tallar magani a faranti ya tare ni a tasha. Ya ga takarda a hannuna, ya ce, "Hajiya, ina da shi, mai ja da baƙi, sha yanzu miƙe yanzu." Na dubi farantin, rana ta gasa shi har ledojin sun koɗe. Na ce ya fara sha ya miƙe daga bakin titi tukuna.

Yanzu dai muna ba ta na rage zafi da likita ya rubuta, muna matsa mata da ruwa. Na san kana can kajin mutane sun cika maka hannu, ba sai ka tayar da hankalinka ba. Na gaya maka ne don kai ne ubanta, kuma ba a ɓoye wa uba ciwon 'yarsa. Ka riƙe salla, ka ci abinci a kan lokaci, ka sa ta a addu'a.

Mahaifiyarka.

*

Zuwa ga Umma,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da ɗawainiya, Allah ya ƙara wa ƙafar sauƙi. Ni lafiya lau, sai dai tun da na karanta wasiƙarki abinci bai shiga cikina ba.

Umma, na ga inda kika ce kajin mutane sun cika min hannu. Na karanta na sake karantawa. Na gane abin da kike nufi: ina nan ina lallashin kaji, 'yata tana can tana numfashi da ƙyar. Wallahi na so in biyo direba, amma mai gonar ya yi tafiya, an kuma kawo sabbin 'yan tsaki. In na juya baya sanyi ya kashe su, aikin ya tafi ke nan. Na hau tankin ruwa na ɗaga waya sama ina juyawa, ba ta kama ba. Ma'aikata suna ƙasa suna kallona kamar zakara a kan katanga.

Amma ba zan naɗe hannu ba. Abin da kantunanku suka rasa, mu muna da shi a sito kwali-kwali. Na ɗauki sunan da kika kwafo min, na ɗora shi a jikin fakitin garin da muke zuba wa kaji a ruwan sha idan sun kamu da ciwon numfashi. Umma, suna ɗaya ne, harafi da harafi. Daga kamfani ya fito a rufe, lokacinsa bai wuce ba, ba irin na faranti ba ne. Sau nawa na ga kaza ta kwanta tana minshari, aka ba ta, ta miƙe tana tsattsage.

Na zauna na yi lissafi. Na ɗauki abin da ake ba kaza gwargwadon nauyinta, na ninka shi zuwa nauyin Ɗigo, na ɗan rage don kada ya yi mata yawa. Awon yana cikin takardar da na rubuta wa Maman Ɗigo, fakitin kuma yana ƙasan kiret, a naɗe cikin leda. Na roƙi direba ya juyo da sassafe saboda shi. A fara ba ta da zarar ya iso.

Wannan aikina ne, Umma, na daɗe ina auna magani. Don Allah wannan karon kada ki sa gardama.

Ɗanki.

*

Manaja,

Assalamu alaikum. Ina fata ka wuni lafiya. Mu mun wuni, Ɗigo da sauran zafi, amma ta fara shan magani. Magani na ce. Yanzu ka gyara zama ka karanta.

Da safe na koma wurin Mai Tabarau. Ta ce ta kira duk wanda ta sani, na ruwan babu shi a ko'ina. Amma ta ce maganin nan akwai shi a ƙwaya, irin wadda ake narkarwa a cokalin ruwa a ba yaro, kuma tana da kaɗan. Na miƙa hannu. Ta ce a'a, takardar da ke hannuna na ruwa aka rubuta, ba za ta ba ni wani abu a kanta ba sai likita ya sake rubutawa, ya yanke awo a kan nauyin yarinyar. Ta kira wayarsa bai ɗauka ba. Sai ta yi ɗan rubutu ta maƙala a takardar, ni kuma na kama hanyar asibiti.

Nas ɗin da ke ƙofa ta ce, "Mama, likita yana zagayen marasa lafiya, daga can kuma yana da taro. Ki dawo gobe."

Na ce, "Goben taki ce, 'yar nan. Jikata yau take numfashi."

Na zauna a bencin da ke bakin ofishinsa, na ɗora jaka a cinya. Ta zo ta wuce ta harare ni, ta dawo ta sake harara. Mai shara ta zo ta ce in ɗaga. Na ɗaga ƙafafuna, ban ɗaga kaina ba. Da likita ya ɓullo da mutane a bayansa, na miƙe na tsaya a gabansa na miƙa takardar. Ya karanta rubutun Mai Tabarau, ya sa aka ɗauko katin Ɗigo ya duba nauyinta, ya jingina takardar a bango ya sake rubutawa a tsaye. Ya ce na yi daidai da na dawo, kuma idan numfashin ya ƙara sauri ko ta kasa shan ruwa, mu kawo ta nan take.

Mai Tabarau ta zuba min abin da take da shi a 'yar ambulan, ta rubuta sunan Ɗigo a jiki da hannunta, ta nuna min yadda ake narkarwa. Ba ta ɓoye min ba, ta ce wannan rabin kwanakin zai kai, cikon kuma za ta yi ta nema, in riƙa leƙowa.

Na dawo gida da murnata. Ina shiga na tarar da kiret a tsakiyar ɗaki, matarka a durƙushe a bakin gado, kofi a gabanta da wani ruwa rawaya a ciki, cokali a hannunta, takardarka a ƙasa. Hawaye har wuyan rigarta.

Na ce, "Me ke cikin kofin nan?"

Ta ce, "Umma, Baban Ɗigo ne ya ce..."

Na ce, "Kin ba ta?"

Ta ce, "Na kai cokalin bakinta na kasa. Na sake kaiwa na kasa."

Na ɗauki fakitin. Hoton kaza a sama, hoton saniya a ƙasa. Ban wuce sakandare ba, amma Turancin da na samo a can ya ishe ni in karanta abin da aka rubuta da jan rubutu, cewa na dabbobi ne kaɗai. Kai da ka gwada sunan harafi da harafi, idonka bai sauko wannan layin ba? Na kai kofin bakin kwata na tuttular, na wanke shi da sabulu, na sake wankewa.

Ka ji ni da kyau. Garin nan an yi shi ne don a zuba a durom, kaji dubu su sha, kowace gwargwadon ƙishinta. In ɗaya ta mutu ku jefar, ku ce asara ce ta kiwo. Ni Ɗigo ɗaya gare ni. Jikata ba kaza ba ce, ba a ninka ta daga nauyin kaza. Ka san abin da aka gauraya a cikin garin? Ka san ƙarfinsa a cikin yaro? Ba ka sani ba, ni ma ban sani ba. Bambancinmu shi ne ni na san ban sani ba.

Abin da ya fi ɓata min rai, ka sa yarinyar mutane a tsakanin umarninka da bakin 'yarta. Umarni daga nesa yana da sauƙi, mai riƙe da cokali ita ke ganin idon yaron. Kada ka kuskura ka yi mata faɗa. Ba ita ta zubar ba, ni na zubar.

Maganar kajin mutane kuwa, na rubuta ta ne don in rage maka damuwa, kai ka karanta ta da zuciya mai neman laifi. Idan zan yi maka faɗa ba na lulluɓe shi, ka san ni. Ga shi yanzu ina yi.

Mahaifiyarka.

*

Umma,

Ina gaishe ki. Ina gaida Maman Ɗigo. Ni ina nan.

Direba ya ce da ya shiga karɓar wasiƙa ya hango Ɗigo a kwance, ko kallonsa ba ta yi ba, ita da take tare shi a ƙofa tana ce masa Baba Ƙwai. Ya ce tarinta har waje ana ji.

Na karanta duk abin da kika rubuta, na kuma haɗiye. Amma ke da kanki kika ce abin da ke hannunku rabi ne. In ya ƙare fa? Matar nan ta ce za ta nema. Tun watan jiya take neman na ruwa, ta samu? Ni nawa yana nan a hannu, a cikin gidan, ya ishi yaran layinku gaba ɗaya. Kin zubar da kofi ɗaya, fakitin yana nan.

Umma, tun da nake ban taɓa ɗaga miki murya ba, kuma ba yau zan fara ba. Amma Ɗigo 'yata ce. Na rubuta wa uwarta, ga shi ina rubuta miki: ranar da ƙwayoyin suka ƙare ba a samu ciko ba, a ba ta nawa, a kan awon da na yanke. Umarnina ke nan a matsayina na ubanta. Idan kika hana, wani abu ya same ta, ban san da wane ido zan kalle ki ba.

Ki yafe min idan maganar ta yi nauyi.

Ɗanki.

*

Manaja,

Assalamu alaikum. Muna gaishe ka. Zafin jikin Ɗigo yana sauka yana hawa. Ta sha madara kaɗan.

Ƙwayoyin saura na gobe. Ba a samu ciko ba tukuna. Na gaya maka don ba na ƙarya ko da za ta taimake ni.

Fakitinka yana cikin akwatina, makullin yana ɗaure a bakin zanena. Takardar da ka rubuta wa matarka ita ta kawo min da hannunta, na ce ta je ta kula da 'yarta, wannan magana ta fi ƙarfinta, tsakanina da kai ce.

Kada ka ɗauka ba na jin tsoro. Ina zama a bakin gadon ina kallon ƙirjin yarinyar nan yana hawa yana sauka, kuma na san abin da ke cikin akwatin. Amma tsoro ba likita ba ne, ba zan bar shi ya rubuta wa jikata magani ba.

Ka ce ba ka san da wane ido za ka kalle ni ba. Ka kalle ni da wanda ka ga dama. Na ɗauki nauyin, a gabanka da gaban Allah. Kai ubanta ne, ban musa ba. Ni kuma uwarka ce, kuma na ce a'a.

Mahaifiyarka.

*

Umma,

Don Allah ina kuke? Direba ya zo jiya ba wasiƙa. Ya ce ya tarar da ƙofa a kulle, maƙwabciya ta ce an wuce da Ɗigo asibiti. Yau ma ya dawo hannu wofi, ƙofar a kulle. Na tsare shi da tambaya har ya ce shi ƙwai aka ɗauke shi kaiwa, ba labari ba.

Likitan dabbobi ya zo duba 'yan tsaki. Na ja shi gefe na nuna masa lissafina, ina so ya ce min daidai ne in aiko miki da shedarsa. Ya karanta, ya dube ni, ya ce, "Manaja, ni da na yi karatun abin nan, ba zan ba ɗana ba ko da bakin cokali." Ya ce in gaya masa gaskiya, an riga an ba ta? Na ce ban sani ba.

Umma, ban sani ba. Na ba da umarni sau biyu. Na san Maman Ɗigo ba ta iya saɓa min. Na san ke ma mutum ce, kina iya gajiya, kina iya yin barci. In ƙwayoyin sun ƙare, ta kwance makullin, shi ya sa aka wuce asibiti fa? Na hau tankin nan har tafin hannuna ya ɗaye, wayar ta ƙi.

Na janye umarnin. Kada a ba ta. Ki gaya min ba a bi maganata ba. Gobe in direba ya dawo ba takarda, zan bar 'yan tsakin nan in biyo shi, aikin ya tafi.

Ɗanki.

*

Zuwa ga ɗana Manaja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan ta same ka a ƙasa, ba a kan tanki ba. Mu duka lafiya. Ɗigo tana tsakar gida yanzu haka tana faɗa da kyanwa a kan gutsuren burodi. Ba a bi maganarka ba. Ka sha ruwa, sannan ka ci gaba da karatu.

Ranar da ƙwayoyin za su ƙare, zafin ya tashi da safe, numfashin ya ƙara sauri. Na ce wa matarka ta goya ta su tafi wurin likita kamar yadda ya ce, ni kuma na wuce wurin Mai Tabarau. Na tarar ta samu labarin wani abokin karatunta da ke wani ƙaramin kanti a can ƙarshen gari yana da ragowar katin ƙwayoyin. Ta ce ya yarda ya ajiye, amma sai wanda ya zo da takardar likita a hannu. Na hau mota, na sauka, na hau wata, na ƙarasa da ƙafar nan da kake yi wa addu'a. Na same shi ya kusa fita cin abinci, na tare ƙofa. Ya ba ni.

Da na duba sai na ga ƙwayoyin launinsu daban da na farko. Ya ce kamfani ne daban, magani ɗaya. Na ce na ji, amma na riga na sha labarin "suna ɗaya ne" a makon nan. Na juyo da shi har wurin Mai Tabarau. Ta gyara tabaranta ta duba ƙarfinsa, ta gwada da takardar likita, ta ce shi ne. Ta rubuta sunan Ɗigo a jiki. Sannan na kawo gida, kuma na iso kafin lokacin shan na yamma. Ba a tsallake ko sau ɗaya ba.

Likita kuwa ya saurari ƙirjin ya ce yana washewa, a ci gaba, a dawo da ita washegari ya sake gani. Dalilin kullen ƙofa ke nan a rana ta biyu. Za ka ce me ya hana in bar wa maƙwabciya takarda. Ba na rubuta zato, na jira sai na sami labari mai tushe. Kuma ba zan ɓoye maka ba, na ga ba laifi ka ɗanɗana irin zaman da matarka ta yi da cokali a hannu.

Da yarinyar ta miƙe ta fara surutu, maƙwabciyar nan ta leƙo ta ce tunda ta warke, in sam mata sauran ƙwayoyin, ɗanta yana tari. Na ce sauran ba saura ba ne, na Ɗigo ne har ta ƙarshe. Na ce ta kai shi a duba shi, in likita ya rubuta abin da babu, ni zan raka ta in nuna mata bencin da ake zama. Ta tafi tana ƙunƙuni, da yamma ta dawo ta ce yaushe za mu je. Na ruwan har yau bai zo ba, kantar tana nan wayam, iyaye mata suna nan suna zarya. Duk wadda na tarar a bakin kantin ina gaya mata kada ta tafi gida da "babu", ta tambaya ko akwai abin da likita zai iya canjawa. Mai Tabarau ta ce in na ci gaba haka sai ta ɗinka min farar riga.

Fakitinka yana ƙasan kiret ɗin da ya dawo maka, na liƙe bakinsa. Da nake naɗe shi Ɗigo ta ga hoton, ta ce na mene ne. Uwarta ta ce Baba ne ya aiko. Ta ce, "Ni ya aiko wa? Ni kaza ce?" Ta hau kan kujera ta buɗe hannuwa ta yi cara, har tarin ya so ya taso. Mun yi dariya, uwarta ta yi har da hawaye, kuma ban tambaye ta na mene ne ba.

Na karanta wasiƙarka ta ƙarshe, na ajiye ta tare da waccan mai zafi, don duka biyun uban Ɗigo ne ya rubuta su. Na san so ne ya sa ka. Amma so in ya rasa haƙuri yana ɓarna kamar ƙiyayya, kuma yaron da aka ba abin da bai dace ba, cikinsa ba ya tambayar niyyar wanda ya aiko. Ba sai ka bar 'yan tsakinka ba. Ka zo idan mai gonar ya dawo. Idan ka zo, kafin ka gaishe ni, ka fara ba matarka haƙuri.

Ga dokar da na kafa, na kuma faɗa wa Maman Ɗigo a gaban yarinyar. Daga yau, a gidan nan, babu maganin da zai shiga bakin yaro sai wanda likita ya rubuta, mai magani ta sa sunan yaron a jiki da hannunta. In an ce babu, a koma a tambaya, a sake komawa, ba a cike gurbi da abin da ya fi kusa. In an fara, sai an ga ƙarshensa. Wanda yake nesa ya aiko da gaisuwa, da addu'a, da ƙwai. Dokar ta hau kan matarka, ta hau kanka, ta hau kaina. Ƙasan kiret kuma, ni zan riƙa dubawa.

Mahaifiyarka.